Kwana Huɗu a Bakin Ruwan Bagre

A wannan wata za mu bar ƙurar Wagadugu mu gangara kudu maso gabas, zuwa Bagre, inda aka datse kogin Nakambe aka tara ɗaya daga cikin manyan tabkunan ƙasar nan. Yawancinmu a nan Zango mun san sunan Bagre ne a jikin buhun shinkafa, ko a bakin masu sayar da kifi in suna so su nuna maka nasu na ruwan gida ne, ba daskararren da ake kawowa daga bakin teku ba. 'Yan'uwanmu na Boku da Bolga da Walewale a Gana kuwa, su sun san sunan ta wata fuska dabam, wadda zan zo kanta nan gaba. Amma waɗanda suka taɓa zuwa suka ga ruwan da idonsu ba su da yawa. Ni na je cikin watan Disamba na 2021, na yi kwana huɗu a sansanin masunta.

Daga Wagadugu zuwa Bagre tafiya ce ta wajen kilomita 230. Mota tana bin hanyar gabas, ta wuce Zorgo, ta isa Kupela, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe Fada Ngurma har Yamai, ɗaya ta karya kudu zuwa Tenkodogo da Bitu da Sinkanse har Lome. Ta kudun za ka bi. Duk Bahaushen da ya bi wannan hanya ya kamata ya san yana taka sawun kakanninsa ne, domin ayarin fatake da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro, wasunsu ta nan suke ratsawa da jakunansu, ɗauke da kanwa da tufafin rini, su yada zango a bayan gari. Daga irin wannan saukar ce sunan unguwanninmu ya samo asali. Tenkodogo ita ce Mosawa suke ɗauka mafi tsufa cikin masarautunsu, kuma ita ce hedikwatar lardin Bulgu. A 2025 ma an sauya wa yankin suna, ana kiransa da sunan kogin, wato Nakambe. In ka wuce Tenkodogo kaɗan sai ka sauka daga babbar hanya ka nufi yamma, ka shiga ƙasar Bisa sosai, ƙasar gyaɗa da albasa.

Abin da matasa ba su sani ba shi ne, wannan kwari da yanzu ake rububinsa, shekaru sittin da suka wuce gudunsa ake yi. Akwai wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, cizonsa yana sa wa mutum tsutsa a jiki, ya yi ta ƙaiƙayi shekara da shekaru, daga ƙarshe ido ya tafi. Ƙauyuka da yawa na bakin kogin sun watse saboda shi, mutane suka bar ƙasa mai albarka suka koma kan tudu mai tsakuwa. Sai a 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa babban shirin yaƙi da wannan makanta, hedikwatarsa a nan Wagadugu, aka riƙa fesa magani a koguna da jirage masu saukar ungulu. Daga 1987 kuma aka sami ƙwayar Mectizan da ake rabawa kyauta. An rufe shirin a 2002. Ba don wannan aiki ba, da babu wanda zai kwana a bakin Nakambe, balle a yi zancen shinkafa.

An fara ginin madatsar, wadda mu muke cewa baraji, a 1989, aka tare ruwan a 1992, aka yi bikin buɗewa a 1994. Gini ne na ƙasa da dutse mai tsawon fiye da kilomita 4. In ruwa ya cika, yana rufe wajen hekta 25,500, kuma yana ɗaukar wajen kubik mita biliyan 1.7 na ruwa, in dai lissafi ake so. Ni dai abin da zan iya gaya maka shi ne, in ka tsaya a kan ginin ka dubi arewa, ba ka ganin ƙarshensa. Kamfanin SONABEL yana da injuna biyu a gindin barajin masu ba da megawat 16 na wuta. Ƙasa da barajin kuma fadamun shinkafa ne, waɗanda mutanen Taiwan suka taimaka aka gyara wani sashensu kafin ƙasarmu ta yanke hulɗa da su a 2018, kuma a 2012 aka kafa hukumar Bagrepole don kula da raya wurin da tallafin Bankin Duniya.

A lokacin da na je akwai masaukin baƙi na 'yan yawon buɗe ido kusa da ruwa, ƙananan ɗakuna masu fanka da wurin wanka, inda ma'aikata daga birni ke zuwa hutun ƙarshen mako su ci gasasshen kifi su ɗauki hoto. Ba ni da abin cewa a kansu. Amma wanda ya kwana can bai ga Bagre ba, gefenta ya gani. Ni wani dattijo ne ya sauke ni, mutumin wajen Gaya a bakin Kwara, wanda ya zo tun ruwan yana sabo, ya yi aure a nan, 'ya'yansa suna jin Bisa da Mosanci fiye da yadda suke jin Hausa. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini don ya ga ina riƙe da littafi da biro.

Sansanin masunta ba gari ba ne. Bukkoki ne na zana da ciyawa, wasu an lulluɓe su da leda, sai ɗaki ɗaya ko biyu na laka ga wanda ya yi niyyar zama. Dalili kuwa shi ne ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da kaka yana bakin ƙofarka, da bazara ya janye ya bar ka da tafiya mai nisa cikin busasshen taɓo, saboda haka mai hankali ba ya kashe kuɗi a ginin da zai bari. A cikin bukka ba ka ganin komai sai tabarma, gidan sauro, fitila mai aiki da hasken rana, rediyo, da buta. Dukiyar tana waje: jirgin katako, filafilai, da tarin raga a rataye jikin itace. Masallacin kuma fili ne da aka kewaye da duwatsu aka zuba yashi. Sanyin hunturu a bakin ruwa ba irin na Wagadugu ba ne, yana shiga har ƙashi, kuma alwalar asuba a can sai namiji.

Aiki yana farawa da la'asar sakaliya. A lokacin ne ake fita a shimfiɗa kalli, wato ragar da ake kafawa a bari ta kwana, a zuba mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, a duba gura. Gura wani tarko ne na sanduna da raga mai kama da akurki, ana sa masa dusa a ciki a nutsar, kifi ya shiga ya kasa fita. Masuntan Mali ne suka yaɗa shi a Afirka ta Yamma, shi ya sa har a Nijeriya ake ce masa gurar Mali. Da asuba, kafin gari ya waye sosai, sai a koma a ɗebo. Na bi su sau biyu. Jirgin yana ratsa tsakanin busassun itatuwan da ruwa ya cinye tun 1992, suna tsaye har yau kamar turaku, zalɓe a kan wannan, balbelu a kan wancan. Waɗannan itatuwa su ne abokan kifi, su ne kuma maƙiyan raga, domin kifi a gindinsu yake ɓuya, raga kuwa a jikinsu take yagewa. Rabin yinin masunci a ɗinkin raga yake ƙarewa.

A nan ne na ji daɗin zama da Baba, don shi kifi ba kifi ba ne kawai a wurinsa, kowanne da sunansa da halinsa. Mu a birni mun koma kiran komai da sunan Faransanci, mu ce karf, mu ce silir, mu ce kapiten, kamar Hausa ba ta da bakin faɗa. To ga su. Karfasa ita ce ta fi yawa a Bagre, kuma uwar takan riƙe ƙwanta da 'ya'yanta a cikin baki har su yi ƙwari, ba ta cin abinci duk tsawon lokacin. Tarwaɗa mai gashin baki tana shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin jirgi bayan sauran sun mutu, kuma ita ce sarauniyar banda. Ƙurungu yana da ƙaya a baya da gefe, in ka kama shi da garaje sai ya tuna maka, kuma yana yin gurnani in an fito da shi. Bargi yakan gina sheƙa zagayayya cikin ciyawar ruwa da damina, ya tsaya gadi. Gaiwa kuwa, in ruwa ya janye sai ta shige cikin laka ta naɗe kanta ta yi barci har damina ta dawo. Akwai ragon ruwa, akwai ƙawara, akwai minjirya mai kama mutum kamar wayar lantarki. Sai babbansu, giwan ruwa, wanda a manyan koguna yake iya wuce kilo 100. Cikin kwana huɗun nan guda ɗaya na gani, shi ma bai fi tsawon hannuna ba, kuma kafin jirgin ya taɓa gaɓa an riga an saye shi.

Da hantsi ake haɗuwa a mashigar jirage, inda sikeli yake. Dillalai daga Wagadugu da Tenkodogo suna jira da akwatunan ƙanƙara, su suke kwashe manyan, kuma da yawa daga cikin masuntan ba su da ikon sayar wa kowa sai dillalin da ya ba su bashin raga. Wanda ya ba ka raga shi ke yanka farashi, wannan haka yake tun daga Yawuri har Tabkin Cadi. Ƙananan kifin kuma na mata ne. Su suke feɗewa, su wanke, su jera a kan waya bisa murhun laka ko rabin ganga, su yi ta kiwon wuta har kifin ya yi ja ya bushe. Wasu suna soyawa su kai kasuwannin ƙauye. Na lura kuɗin da ke riƙe gida a sansanin, na cefane da na makarantar yara, yawancinsa daga hannun matan nan yake fitowa, ko da yake in ana taron masunta ba su ake fara tambaya ba. Hayaƙin kuma yana cin idonsu, itacen bandar yana ƙara nisa kowace shekara.

Yawancin masu su a Bagre 'yan ƙasa ne, Bisa da Mosawa, manoma ne da ruwa ya zo ya same su a gida, suka koyi sana'ar a hannun baƙi irin Bozo na Mali da mutanen bakin Kwara. Da damina suna gona, da rani suna ruwa. Wannan ya bambanta da barajin Kompienga na can gabas, wanda aka gama a 1988, inda baƙin masunta suka fi yawa, kuma inda rashin tsaro na shekarun nan ya tarwatsa sana'ar ƙwarai. A tsakanin Sarkawa da Kabawa su gado ne, akwai Sarkin Ruwa, akwai lokacin da ake buɗe ruwa da lokacin da ake rufe shi, kamar yadda har yau ake yi a Matan Fada ta Argungu. A Bagre babu wannan tsohuwar sarauta, tun da ruwan kansa bai kai shekara arba'in ba. Abin da ke akwai shi ne ƙungiyoyin masunta, da ma'aikatan ruwa da gandun daji, da takardar izinin su da ake sabuntawa kowace shekara.

A kan takardar nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye. Kuɗin da baƙo yake biya ya fi na ɗan ƙasa. Baba bai damu da nasa ba, ya san shi baƙo ne, yana biya. Damuwarsa ita ce samarin da aka haifa a sansani, uwayensu 'yan ƙasar nan ne, ba su taɓa taka Nijar ko Nijeriya ba, amma ba a yi musu takardar haihuwa ba, don a bukka aka haife su, ofishin magajin gari kuma yana da nisa. Ranar da yaro ya tashi neman izini ko katin ɗan ƙasa, sai a ji sunansa, a ji Hausa a bakinsa, a tambaye shi daga ina ya zo. Mu ma a Zango mun san wannan tambayar. Maganinta ba faɗa ba ne, takarda ce, kuma wanda ya makara yana iya neman hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwa, da shaidu. Duk mai ɗan'uwa a bakin ruwa, ko a Bagre ko a Ziga ko a Suru, ya tuna masa.

Kowa na tambaya a sansanin, amsa ɗaya ce: kifi ya ragu, kuma ya ƙanƙance. Ruwa ba ya tsami banza. Masunta suna auna idon raga da yatsu, kuma dattawa sun ce da farko mai yatsa huɗu ko biyar ake sakawa, yanzu kuwa har mai yatsa biyu ana gani, wani ma gidan sauro yake ja a gaɓa. Doka ta hana ƙaramin ido, ta hana guba, amma ruwa mai faɗin nan ba a tsare shi da ma'aikata 'yan kaɗan. Karfasar da aka kama tun ba ta yi ƙwai ko sau ɗaya ba, an ci ta an ci jikokinta. Sai dai ban yarda a ɗora wa masunta laifin duka ba. Ku je ku ga gaɓar tabkin da rani: albasa da tumatir da masara har bakin ruwa, alhali ƙa'ida ita ce a bar tazara kada a yi noma a gaɓa. Kowace damina ƙasar da aka kafta tana zubawa cikin tabkin tana cike shi, maganin ƙwari da na ciyawa suna binta. Garuruwan Nyago da Begedo, da ke fuskantar juna a kan kogin can sama, arzikinsu albasa ce, ba kuwa wanda zai ce su daina. Ga shanun Fulani da ke neman hanyar mashaya tsakanin lambuna. Kowa yana da gaskiyarsa, ruwan kuma guda ɗaya ne. Shi ya sa har yau mafi yawan kifin da muke ci a ƙasar nan daga waje ake shigo da shi a daskare, kuma shi ya sa hukuma take ta tura mutane ga kiwon kifi a kududdufai da keji cikin ruwa.

Akwai kuma masu ruwan na asali, wato dorina. Tun kafin baraji suna cikin kogin, kuma wasu ƙauyukan Bisa na wajen Lenga suna girmama su, ba sa kashe su. Da dare na biyu na ji kukansu daga nesa, wani irin gurnani mai kama da dariyar ƙato. Da safe Baba ya nuna mini sawunsu a cikin gonar masara da suka yi wa aski. Dorina ciyawa take ci, amma ba ta da wasa, musamman mai ɗa, tana iya kifar da jirgi da kai ɗaya. Masunci in ya hango kunnuwa a saman ruwa sai ya bugi gefen jirgi da filafili ya canza hanya, ba a jayayya. Doka ta hana harbinta, manomin da ta ci wa gona kuwa sai haƙuri. Ban da ita akwai kada da guza, akwai kirinjijiya masu tashi garke guda suna fito da magariba, akwai ɗinya, da zakaran ƙeƙuwa mai tona asirin duk wanda ya doso gaɓa. Abin da ya fi cutar mutanen sansani dai ba mai haƙori ba ne, sauro ne da tsargiya. Yaran da ke wuni cikin ruwa da yawansu suna fitsarin jini, iyaye kuma suna ɗaukarsa kamar ba ciwo ba, alhali maganinsa ƙwaya ce da ake samu a asibiti.

Sai maganar Gana. Nakambe shi ne kogin da ake kira Farar Volta a da, kuma in ya bar Bagre Gana yake shiga, ya bi ta arewacinta har ya faɗa babban tabkin Akosombo. In damina ta yi ƙarfi, wajen Agusta ko Satumba, ruwan barajin yakan kai iyakarsa ta mita 235 bisa teku, dole a buɗe ƙofofi, in ba haka ba ginin kansa yana cikin haɗari. Ruwan da aka saki sai ya tarar da kogin can ƙasa ya riga ya cika da ruwan sama, ya malale gonakin masara da gero na bakin gaɓa. A 2007 ɓarnar ta yi muni ƙwarai a arewacin Gana, an yi hasarar rayuka da gidaje. A shekarar ce ƙasashe shida da suka haɗa kogin, Burkina da Gana da Mali da Togo da Benin da Kwaddibuwa, suka sa hannu kan yarjejeniyar kafa hukumar kula da kogin Volta, wadda ofishinta yake nan Wagadugu. Yanzu akan sanar da Gana kafin a buɗe, gidajen rediyonsu su yi ta shela mutane su hau tudu. In ka je biki a zangon Boku aka tsokane ka cewa ku ne masu sako mana ruwa, ka ce musu rabi namu ne, rabi na sama ne.

A daren ƙarshe matar Baba ta yi mana tuwon masara da miyar kuka da ta sha tarwaɗa banda, sai gasasshiyar karfasa da aka fitar daga ruwa da la'asar, ba a sa mata komai ba sai gishiri da barkono. Bayan isha samari suka kewaye wata waya suna kallon kokawar Nijar, dattawa kuma suna gardamar ko iskar gobe za ta bar jirgi ya fita, don in hunturu ya taso da ƙarfi tabkin yana yin igiyar ruwa kamar ba na tudu ba, kuma yawancin masu shiga jirgin nan ba su da rigar ceto.

Wanda ke son zuwa, lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa na cike, zafi bai sauko ba. Amma tun 2022 al'amuran tsaro a wasu sassan lardin Bulgu, musamman wajen Bitu, sun canza, saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi direbobin tasha da mutanen Tenkodogo halin da ake ciki a makon, ya riƙe katinsa a aljihu, kuma kada dare ya same shi a hanya. A tafi da gidan sauro da bargo. Tsarabar da masunta suka fi so ita ce goro da sukari da ganyen shayi, sai zaren ɗinkin raga in an samu. In za a sayo banda, a zaɓi wadda ta bushe har tana ƙara in an ƙwanƙwasa, a zuba ta a kwali, kada a ɗaure ta cikin leda, don kafin a kai Kupela ta fara gumi.